Tafiyar hidima zuwa ƙasar waje ga yarinya 'yar shekara 13: a sa hannu ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar jihar Maryland ce a Amurka. 'Yata tana aji 8, shekarunta 13. Daga makarantarsu an kawo takarda cewa za a kai ɗalibai ashirin Jamhuriyar Dominikan na kwana takwas a dogon hutu, kowane yaro dala 3,600. A jadawalin akwai yi wa wata makarantar ƙauye fenti, koya wa yara Turanci, wuni guda a gidan marayu, sai kwana biyu a bakin teku. Ta ɗaga hankalinta sai ta je, ni kuma zuciyata ta kasa kwanciya. Tafiyar nan tana da amfani kuwa? Kuma ba ta yi ƙanƙanta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Na daɗe ina koyarwa a makarantar tsakiya a nan Amurka, shirya irin wannan tafiya da raka yara kuma yana cikin aikina, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba: jadawalin nan, yadda yake a yanzu, ni ba zan sa masa hannu ba. Shekarunta ba su ne suka fi damuna ba, ƙasar ma haka. Wunin gidan marayun nan ne ya tsaya mini a rai, sai wasu tambayoyi da takardar ta yi shiru a kansu. In an cire wancan, aka amsa waɗannan yadda ya kamata, zan ce ki bar ta ta je, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma na ga yaran da irin wannan tafiya ta buɗe wa ido.

Ya kamata ki san abin da ake tallata miki. Wannan tsari na koyo ta hanyar yi wa al'umma hidima ya sami sunansa a 1967 daga wasu ma'aikatan ilimi biyu a jihohin kudu na ƙasar Amurka, Robert Sigmon da William Ramsey. Tushensa yana komawa ga ra'ayin masanin ilimi John Dewey, cewa yaro yana koyo daga abin da ya yi da kansa idan ya zauna ya yi tunani a kansa. A 1979 Sigmon ya fitar da ƙa'idoji uku da har gobe ake auna shirye-shirye da su: mutanen da ake yi wa hidima su ne za su yanke irin hidimar da za a yi musu, su fito daga ciki sun ƙara ƙarfin yi wa kansu da wasu, shi kuma mai hidimar ya san cewa ɗalibi ne, ya kuma sa baki a kan abin da zai koya. Jiharku ta Maryland ce ta fara wajabta abin, tun 1992, shi ya sa 'yarki ke da bashin awa 75 na hidima kafin a ba ta takardar gama sakandare.

An yi bincike mai yawa a kai. A 2011 masu bincike uku, Celio da Durlak da Dymnicki, suka tattara nazari 62 da suka shafi ɗalibai sama da dubu goma sha ɗaya, suka ga yaran da suka shiga irin wannan shiri sun fi takwarorinsu yarda da kai, son makaranta, iya hulɗa da mutane, har da sakamakon karatu. Amma ribar ta fi fitowa ne a inda aka ɗaure aikin da darasin aji, aka ba yara damar sa baki, aka jawo mutanen gari cikin tsarin, aka kuma riƙa zama ana tattauna abin da aka gani. Wani nazari na 2014 a kan matasa 'yan shekara 12 zuwa 20 ya ƙara fito da abin fili: in babu wannan zaman na tunani da tattaunawa, hidimar kaɗai kusan ba ta canza komai a rayuwar yaro, kuma tasirin ya fi ƙarfi idan ana yin aikin a kai a kai, ya kuma fi kama matasan da suka ɗan girma. Ki lura, yawancin wannan bincike a kan hidimar da ake yi a gida ne, mako bayan mako. Kamfanin tafiye-tafiye da ya ɗauko shi ya manna a takardar tallan kwana takwas ya yi aron rigar da ba tasa ba.

To ki ɗauki biro ki yi lissafi da jadawalin da ke hannunki. Kwana takwas, ki cire biyu na jirgi, biyu na bakin teku, ɗaya na gidan marayu, saura uku. A ukun nan, da zafin rana da zirga-zirgar mota da cin abinci, da wuya yara su wuce awa uku ko huɗu suna aiki a wuni. Ashirin sau dala 3,600 kuwa dala 72,000 ke nan. Da ƙauyen ne abin dubawa, wani ɗan yanki na kuɗin nan ya isa a ɗauki masu fenti na garin su yi aikin da ya fi kyau, su kai kuɗin cefane gida. Ki ƙaddara a garinku ne: an wayi gari ga mota cike da yaran wata ƙasa, ba sa jin Hausa, ba su taɓa riƙe buroshi ba, sun zo yi wa firamaren unguwa fenti, mai fentin unguwar yana zaune a inuwa babu aiki. Mutane za su karɓe su hannu bibbiyu, don baƙo ba a wulaƙanta shi, amma kowa ya san wa aka yi wa tafiyar.

Wannan bai sa tafiyar ta zama banza ba. Ya dai nuna mana ma'aunin da za mu auna ta da shi. Darasi ne za ki saya wa 'yarki, mutanen ƙauyen kuma su ne malamanta da masu masaukinta. Don haka abin tambaya biyu ne: darasin ya kai kuɗinsa? Kuma mutanen da za a koya daga wurinsu an biya su haƙƙinsu, ba a cutar da su ba? Tun 1968 wani limamin Katolika, Ivan Illich, ya tsaya gaban ɗaliban Amurka masu aikin sa-kai, ya ce musu su zo yawon buɗe ido, su zo karatu, amma su ajiye tunanin cewa taimako suka kawo. Ban bi shi har ƙarshe ba, domin na ga ayyukan da suka amfani ɓangarori biyu. Amma kashedinsa ya fi dacewa da ɗan shekara 13 fiye da ɗaliban jami'ar da ya yi wa magana.

Aikin da na ga yana yin kyau da yara masu wannan shekaru yana da kamanni. Wata ƙungiya ce ta 'yan ƙasar, wadda take aiki a wurin duk shekara, ta ce ga abin da muke yi, in kun zo ga inda za ku kama mana. Dashen itatuwa, tsince robobi a gaɓar kogi ana auna su ana rubutawa, aikin lambun makaranta tare da ɗaliban makarantar, irin aikin da ƙarin hannu yake da amfani kuma ba ya ƙwace abincin wani. In gini ne, magini na gari ne shugaba, ana biyansa, yara kuma miƙo kaya kawai. Ko a nan Amurka, ƙungiyar Habitat for Humanity, mai gina wa marasa ƙarfi gidaje, ba ta barin wanda bai kai shekara 16 ba ya yi aiki a wurin da ake gini. Abin da ba a yarda yaro ya yi a birnin Baltimore na jiharku ba, ban ga dalilin da zai halatta don an haye teku ba. Ki tambayi malamar da ke shirya tafiyar: wace ƙungiya ce a can, shekara nawa ana aiki da ita, wa ya ce fenti ake so, kuma daga dala 3,600 ɗin nawa ne zai tsaya a hannun mutanen garin? Mai shiri na gaskiya zai amsa miki a tsaye. Wanda ya ce sai ya tambayi kamfani, to shi ma fasinja ne.

Yanzu ga batun gidan marayu, kuma a nan zan ja magana, don iyaye da yawa suna ganin shi ne ɓangaren da ya fi lada. Abu na farko, yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Ƙungiyoyin da ke wannan fanni suna ƙiyasta kusan takwas cikin goma. Talauci ne ke kai su, ko nakasa, ko alkawarin da aka yi wa iyaye cewa za a sa ɗansu a makaranta. A Kambodiya an bi diddigin abin: tsakanin 2005 da 2010 yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari, a daidai lokacin da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran suna da mahaifi ko mahaifiya a raye. Inda baƙo zai zo ya ga yaro ya ba da kuɗi, yaron ya zama haja, sai a shiga ƙauyuka ana nemo wasu. Akwai wuraren da aka kama ana barin yara cikin tsumma da gangan don baƙi su fi jin tausayi. Abin ya kai Ostireliya, a 2018, ta zama ƙasa ta farko da ta lasafta safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani, a Disambar 2019 kuma babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su magance cutarwar da aikin sa-kai a gidajen marayu ke jawowa.

Ban ce gidan da za a kai su yana cikin waɗannan ba. Mu ɗauka ma na kirki ne, masu shi tsoron Allah gare su. Har yanzu da sauran magana. Yaro ƙarami yana bukatar babba guda da zai shaƙu da shi, wanda zai gani yau, ya gani gobe. Yaron gidan marayun da baƙi ke ziyarta kuwa, yau wata ta rungume shi ta goya shi ta yi kuka ta tafi, mako mai zuwa wata ta zo ta maimaita. Za ki ji ɗalibai sun dawo suna cewa yaran nan akwai son mutane, da ganinmu suka rugo suka ƙanƙame mu. Masana tarbiyyar yara ba sa murna da wannan labari. Yaron da ya tashi a hannun uwa yakan noƙe in ya ga baƙuwar fuska. Wanda ke faɗa wa jikin duk wanda ya shigo, sau da yawa alama ce ta cewa shaƙuwarsa ta sami rauni, kuma nazarin da aka fara a Bukares ta Romaniya a shekarar 2000 a kan yaran gidajen raino ya nuna haka ƙarara. Ga kuma batun tsaro: gidan da ƙofarsa ke buɗe ga motar ɗalibai, a buɗe take ga duk wanda ya zo da murmushi da kyauta, har da mugu. A Maryland babu wanda zai bar aji guda su shiga gidan da ake riƙon yara su wuni suna ɗaukar hoto da su.

Saboda haka ki rubuta wa shugaban makaranta, cikin ladabi, ki nemi a musanya wannan wuni da wani abu. Ki nemi wasu iyaye biyu ko uku su sa hannu tare da ke, don kamfanoni suna canza jadawali da sauri in suka ga kujeru za su tafi. In aka ƙi, ni dai a wurina maganar ta ƙare a nan.

Koyar da Turanci bai kai wancan haɗari ba, amma shi ma a sake masa fasali. Yarinyar da ba ta jin Sifaniyanci, ba a koya mata koyarwa ba, in ta tsaya gaban aji abin da za a samu shi ne launuka da ƙirga ɗaya zuwa goma, waɗanda rukunin da ya gabata ya riga ya koyar, an kuma cinye wa yara lokacin darasinsu. Abin da ya fi shi ne a haɗa su da sa'o'insu, 'yan 13 da 'yan 13, kowa ya koya wa ɗan'uwansa harshensa, malamin makarantar yana jagora. A nan ne ake ƙulla abota, kuma a nan ne yaranmu ke gane cewa na can ma suna da abin koyarwa.

Sai abin da ya fi ba ni takaici a yawancin takardun talla: ba sa cewa komai game da ƙasar, sai ka ce fili ne da talakawa da rairayin teku. Alhali ga yarinyar da iyayenta suka fito daga Afirka ta Yamma, wannan tsibiri cike yake da darasi. Dominikan da Haiti tsibiri ɗaya suka raba. A nan Turawan Sifen suka kafa Santo Domingo, babban birnin Dominikan, a nan aka fara sauke bayi 'yan Afirka a farkon ƙarni na 16, kuma a wajajen 1521 bayi, waɗanda aka ce yawancinsu Wolof ne daga yankin Senegal, suka yi tawaye a gonar raken Diego, ɗan Kolumbus, wanda ya jagoranci zuwan Turawan Sifen tsibirin. A Oktoban 1937 shugaban Dominikan Trujillo ya sa sojoji suka kashe dubban 'yan Haiti a yankin iyaka. Har yau akwai ƙauyukan leburorin rake da ake kira batey, inda zuriyar 'yan Haiti ke zaune cikin ƙunci, kuma da yawa daga tafiye-tafiyen ɗalibai can ake kai su. A Satumbar 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin da ya janye ɗan-ƙasanci daga waɗanda aka haifa ga iyaye marasa takardu, aka koma da shi baya har 1929. Dokar da aka yi a 2014 ta gyara wa wasu, ta bar wasu babu ƙasa. Yaron da ya shiga batey bai san wannan ba, abin da zai ɗauko shi ne su talakawa ne, mu mun yi sa'a. Wanda ya sani zai fara tambayar yadda doka da kasuwar sukari ke haifar da talauci. Ki tambaya: zama nawa za a yi da yara kafin tafiya, me za a karanta, wa zai koya musu gaisuwa da 'yan kalmomin Sifaniyanci, kuma in sun dawo me za su yi da abin da suka gani? In amsar ita ce taro ɗaya na yadda ake shirya jaka, yawon buɗe ido ne. Yawon buɗe ido ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa, a kuma biya shi a farashinsa.

Wannan tarihi ya shafi 'yarki ta wata fuska da malamanta farare ba lallai su hango ba. A Nuwambar 2022 ofishin jakadancin Amurka a Santo Domingo ya fitar da sanarwa cewa Amurkawa masu duhun fata na iya fuskantar tsayarwa da tambayoyi daga jami'an shige da fice, saboda samamen da ake yi wa 'yan Haiti. A Oktoban 2024 gwamnatin ƙasar ta ce za ta riƙa korar har mutum dubu goma a mako. Yarinyar da ke cikin rukunin makaranta da motarsu da jagoransu ba ta cika shiga wannan haɗari ba, amma ki faɗa wa jagoran tafiyar baki da baki, ki sa ta riƙe kwafin fasfonta a jikinta kullum, kada kuma a bar ta ta ware daga rukuni. Ki kuma shirya mata zuciya: za ta ga yara masu kama da ita da 'yan'uwanta, wasu abokan tafiyarta kuma za su faɗi maganganun tausayi da za su sosa mata rai. Gara ta ji wannan daga bakinki tun a gida.

Batun takardu a taƙaice. In fasfon Amurka gare ta, na 'yan ƙasa da shekara 16 shekara biyar yake yi, kuma sabunta shi yana bukatar yardar iyaye biyu, don haka ki duba ranar ƙarewarsa yau. In fasfon Najeriya ko Nijar ne da katin zama na dindindin, kada ki dogara da kamfani, domin su Amurkawa suke tsara wa. Ki tuntuɓi ofishin jakadancin Dominikan da kanki. Ki rubuta takardar izinin tafiya, ke da mahaifinta, a buga mata hatimin shaida.

Kin tambayi ko ta yi ƙanƙanta. Shekara 13 a bakin iyaka take, kuma ke kika fi ni sanin 'yarki. Ta taɓa kwana uku a wani wuri ba ke? Tana shan maganinta ba a tuna mata ba? In wani babba ya yi mata abin da bai kwanta mata ba, za ta iya cewa a'a ta je ta faɗa? In al'adarta ta zo mata a hanya, za ta iya kula da kanta, ta kuma nemi taimakon malama ba kunya? Ta ukun nan, wato iya cewa a'a, ita ce babba. A wannan shekaru ba na yarda a raba yara ɗaya ɗaya a gidajen mutane. Su kwana wuri guda, mata daban, maza daban, malama mace a ɗakin da ke kusa, kuma ƙa'ida ta hana babba ɗaya keɓewa da yaro ɗaya, ko malami ne ko direba ko jagoran gari. Ki tambayi ko an binciki tarihin ma'aikatan da za su tarbe su a can, ba na nan kaɗai ba.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Kamfanoni da yawa suna ba malami kujera kyauta a kan kowane ɗalibi shida ko makamancin haka. Tsari ne sananne, shi ke samar da 'yan rakiya, amma ki san cewa mai ƙarfafa miki gwiwa yana da rabo a cikar mota. Na biyu, sau da yawa takarda tana fitowa daga hannun malamin makaranta, amma hukumar ilimin gunduma ba ita ke da tafiyar ba, yarjejeniya ce tsakaninki da kamfani. Ki nemi a rubuta miki wanda ke ɗauke da alhaki in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Ki kuma tambayi jami'in da ke kula da awannin hidima ko za a lasafta mata wannan cikin 75 ɗin, don kowace gunduma da ƙa'idarta.

Iyaye sun fi tsoron cuta da masu satar mutane, amma abin da ya fi kashe matafiya masu lafiya a ƙasashen waje shi ne haɗarin mota, nutsewa a ruwa ma tana sahun gaba. Dominikan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan mace-macen hanya a nahiyar Amurka. Don haka ki tambaya: motar tana da bel a kowace kujera? Za a yi tafiyar dare? An haramta wa yara hawa acaɓa da bayan a-kori-kura? A kwana biyun teku, akwai mai ceto a bakin ruwa, an gwada iya iyon kowane yaro, an koya musu yadda igiyar ruwan da ke jan mutum ciki take? In 'yarki ba ta iya iyo ba, ki faɗa a rubuce, kada kunyar ƙawaye ta kai ta cikin ruwa. Ki kai ta asibitin matafiya mako huɗu zuwa shida kafin tashi, don rigakafin ciwon hanta nau'in A da taifod, likita kuma ya duba ko lardin da za su yana bukatar maganin maleriya. Zazzaɓin dengi yana nan, sauronsa da rana yake cizo, sai man korar sauro da doguwar riga. Ruwan famfo ba na sha ba ne, kare da kyanwar titi ba na shafawa ba ne. In tana da sikila ko asma, maganar likitanta ce gaba da tawa. Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ya biya a wajen Amurka, ɗauko mara lafiya a jirgi kuma yana iya haura dala 100,000, don haka ki karanta inshorar da idonki ki ga akwai wannan a ciki. Lokacin guguwar teku kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, dogon hutu yana cikinsa.

In ku Musulmi ne, akwai naku tambayoyin. Naman alade ya yawaita a abincin ƙasar, salamin da ake soyawa da karin kumallo ma yawanci da shi ake yi, har wake akan dafa shi da ɗan guntunsa. Shinkafa da wake da ayabar dafawa da kifi da ƙwai suna nan a wadace, sai dai a sanar da masu girki tun kafin a iso, ita ma ta haddace yadda za ta tambaya da Sifaniyanci. Ki nemi a ba ta wuri da 'yan mintuna na salla, ki tanadar mata kayan iyo masu sutura. Ki bincika ko ƙungiyar da za ta karɓe su ta coci ce mai haɗa aiki da wa'azi, domin da yawa a can haka suke. Hukuncin tafiyar budurwa ba muharrami da yadda za ta yi ƙasaru, wannan na malaminku ne, ku je ke da mahaifinta. Wasu iyaye suna warware shi ta hanyar bin tafiyar a matsayin 'yan rakiya, in aljihu ya ɗauka.

Ki yi mata magana a kan hoto. Kada ta ɗauki yaron kowa ba izinin iyayensa, kada ta sa fuskar yaro a Instagram, kada ta ɗauki cikin ɗakin mutane don nuna rashinsu. Rabon alewa da kuɗi a titi ma a bari, yana koya wa yara bin baƙi da roƙo. Kyauta a damƙa wa shugaban makaranta ko ƙungiyar.

In kuma kika yanke cewa ba bana ba, kada ki bar ta da a'a kawai, don abin da ke motsa ta abu ne mai kyau. Ki ba ta labarin Monteverde a Kosta Rika. A 1987 wasu 'yan firamare a ƙauyen Suwidin suka ji bayanin yadda ake sare dajin can, suka fara tara kuɗi da sayar da 'yan kayayyaki da wasan kwaikwayo. Yara daga ƙasashe sama da arba'in suka bi sahu, wata ƙungiyar 'yan Kosta Rika ta riƙa sayen filin tana kula da shi, yau dajin ya haura hekta dubu ashirin, shi ne gandun daji mai zaman kansa mafi girma a ƙasar. Yawancin yaran nan ba su taka wurin ba. A kusa da ku akwai rumbunan rabon abinci da ƙungiyoyin da ke tarbar 'yan gudun hijira, inda za ta je duk Asabar ta san mutane da sunansu, irin hidimar da binciken da na ambata ya ce tana tasiri ke nan. In kuna zuwa gida hutu, dala 3,600 ta kai ta ta dawo da ita, ta zauna mako shida cikin dangi, ta gyara Hausarta, ta shiga ajin wata makaranta a matsayin ɗaliba. A shekara 16, da Sifaniyancin shekara biyu ko uku a bakinta, tafiyar Dominikan za ta ba ta ninkin abin da za ta samu yanzu.

Ki zaunar da ita ku rubuta tambayoyin nan tare, ku tafi taron iyaye tare, ki bar ta ta yi ta gidan marayun da bakinta. Kafin nan kada ki biya kafin alƙalami. Yawancin kamfanoni ba sa mayar da shi, kuma abin da za a mayar miki in kin fasa yana raguwa yayin da ranar tashi ke matsowa, don haka ki nemi jadawalin mayar da kuɗi a rubuce, har da abin da zai faru in guguwa ko gargaɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya sa aka soke tafiyar. Allah ya yi muku zaɓin alheri.